Jiki tsirara ko jiki a ɓoye: Abramović da Sherman

Masu fasahar zamani da ke aiki da jikinsu sun kasu hanya biyu: mai miƙa jikin yadda yake, da mai lulluɓe shi har ya zama na wani.

Marina Abramović ce gwanar hanyar farko. A 1974, a birnin Napoli na Italiya, ta jera abubuwa 72 a kan tebur, daga fure da gashin tsuntsu zuwa almakashi da bindiga da harsashi guda, ta tsaya cik awa shida, ta ce kowa ya yi mata abin da ya ga dama. Da fari ana ta kunya, ana ba ta fure. Can sai aka yayyanke mata tufafi, aka tsaga mata fata, har wani ya ɗora mata bindigar a wuya. Da lokaci ya cika ta motsa, mutane suka watse, ba mai iya haɗa ido da ita. Ashe halin 'yan kallo take tonawa.

Cindy Sherman ta Amurka kuwa ɓuya take yi a gaban kyamara. Tsakanin 1977 da 1980 ta ɗauki kanta hotuna kusan 70 marasa launi, da gashin kanti da kwalliya, yau matar gida, gobe 'yar ofis. Ita ce mai hoto, ita ce abin ɗauka, amma ba za ka ce ga ainihinta ba.

Ni dai ta Sherman ta fi daɗewa a raina, ko da yake ta Abramović ta fi girgiza ni.