Kundin Google Photos: Yadda Umma Ke Ganina Daga Zariya

Na sauka a Turkiyya a watan Satumba na 2021 da akwati biyu, rabin ɗaya kuka ce da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa. Tallafin karatun da gwamnatin ƙasar ke bai wa ɗaliban waje ne ya kai ni Jami'ar Selçuk da ke Konya, inda sai da na yi shekara guda ina koyon Turkanci kafin in shiga aji. A filin jirgin Kano Umma ta riƙe hannuna ta ce, "Ni ba dogon labari nake so a waya ba. Ki riƙa turo hoto in gan ki da idona." Wannan maganar ce ta kai ni ga abin da zan yi bayani a kai, wato kundin hotuna na Google Photos da mutum ke buɗewa ya saka wanda ya ga dama a ciki.

Da farko Status na WhatsApp na riƙe, kamar kowa. Shi kuwa awa 24 yake yi ya ɓace, haka aka tsara shi, Umma kuma ba kullum take da data ba. Kafin ƙanena ya sa mata, hoton ya wuce. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. A hutun farko mun hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Istanbul, na ɗauki hoto a jirgin ruwan da ke tsallakawa daga Eminönü zuwa Üsküdar, masallatai a bayana, ruwa shuɗi shar. Jirgin nan na talakawa ne, da katin da ake hawa bas ake biyansa, ma'aikata ke cika shi safe da yamma. Amma hoto ba ya faɗin kuɗin tikiti. Kafin la'asar wani ɗan'uwa ya turo saƙo, wai tunda Allah ya ɗaga ni, in taimaka masa da waya ko da ta hannu ce. A ranar, abin da ya rage mini na wata bai kai kuɗin takalmin sanyi ba. Na ji zafin abin sosai, don na san da zuciya ɗaya ya roƙa, kuma ba zai yarda in na ce babu ba.

Umma ta ji labari ta kira ni. "Ke dai ki rage saka kanki a idon duniya. Baki ba ya barin mutum." Turkawa ma sun yarda da kambun baki, shi ya sa za ka ga shuɗin dutsen nan mai kamar ido a rataye a ƙofar shago da gaban mota. Ni addu'a na riƙe, amma na gane nufinta.

Abokiyar ɗakina, 'yar Damagaram, ita ta nuna mini kundin. Manhajar tana cikin wayata tun da na saye ta, ban taɓa kula ta ba. Abin ba wuya: ka zaɓi hotuna, ka ba kundin suna, ka gayyaci mutane da adireshinsu na Gmail ko ka tura musu mahaɗin kundin, wato link ɗin da ake latsawa a buɗe shi. Na sa wa nawa suna "Gida". Mu shida ne a ciki: ni, Umma, Abba, yayata da ke aure a Kaduna, da ƙannena biyu. Duk hoton da na ƙara yana nan zaune, ko bayan wata uku aka buɗe za a same shi, a jere bisa ranar da aka ɗauka.

Abin da ya fi burge ni shi ne hoton ba ya dusashewa. Tsarin rage nauyi na manhajar yana barin hoto har megafiksel 16 (ma'aunin girman hoto ke nan), wanda ya ishi kowace waya. Na san amfanin hakan ne ranar da ƙanwata ta ba ni labarin yadda Umma ke kallon hotunana. Sai ta idar da sallar isha'i, ta zauna a kan darduma, ta sa tabarau, ta ɗora yatsu biyu a kan gilashin Tecno ɗinta ta buɗa hoton har fuskata ta cika wayar. Wuyana take fara dubawa, ko na rame. Sai idanuna. Sai ta gangara kan rigar sanyi ta ga ko mai kauri ce. A wani hoto da na ɗauka a bakin taga don in nuna musu dusar ƙanƙarar farko da na taɓa gani, ita ba ƙanƙarar ta kalla ba. Can gefe ta hango robar daddawa a kan tebur, ta ga ta kusa ƙarewa. Bayan wata biyu wani ɗalibi da ya dawo daga hutu ya kawo mini ƙulli daga gida.

Akwai wurin da za a kunna don kowa ya iya ƙara nasa hoton, kuma nan ne kundin ya zama namu gaba ɗaya. Ƙanena ya sa ragon layya ɗaure a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Yayata ta sa hannunta da lalle ranar sunan ɗanta, ta sa jaririn a cikin zani, na zauna a taragon da ke kai mu jami'a daga tudun Alaaddin da ke tsakiyar Konya, ina kallo ina share hawaye. Abba ba ya saka komai, ba ya rubuta komai, sai dai in ga alamar zuciya a ƙarƙashin duk hoton da na ɗauka a ɗakin karatu.

Ranar 6 ga Fabrairu 2023, da ƙarfe 4:17 na asuba, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta auka wa yankin Kahramanmaraş. A Najeriya ƙarfe biyu da 'yan mintuna ne na dare, don awa biyu ke tsakaninmu. Konya na da nisan ɗaruruwan kilomita daga wurin, amma wanda ke Zariya ya ji an ce Turkiyya a rediyo, ba taswira zai nema ba. Na yi magana da Umma, na rantse mata lafiyata ƙalau, muryarta ba ta daina rawa ba. Sai na fita na tsaya a gaban ginin da muke kwana, na sa aka ɗauke ni, ginin a tsaye, ni a tsaye, na jefa a kundi. Ta ce sai da ta ga wannan ta iya karyawa.

Ga abin da ya kamata mai son gwadawa ya sani. Tun 1 ga Yuni 2021 aka daina ba da wurin ajiya marar iyaka. Gigabait 15 ake bayarwa kyauta, kuma Gmail da Google Drive duk a cikinsa suke ci. Ɗalibi mai tara takardun aji da bidiyo zai cika shi da wuri, daga nan sai dai ya goge ko ya biya kuɗin wata. Ni bidiyo na rage, nake kwashe tsofaffi zuwa kwamfuta duk ƙarshen zango. Ga na gida kuma, buɗe hoto mai kyau yana cin data fiye da wanda aka matse, don haka na ce wa ƙanena ya kashe wa Umma ajiyar kai-tsaye ta hanyar data, kada wayarta ta riƙa ɗora hotunan biki tana cinye mata kati.

Sai maganar mahaɗi. Duk wanda ya samu mahaɗin kundi zai iya buɗewa, ko ba a gayyace shi ba, kuma mun san yadda abu ke yawo a guruf ɗin dangi. Na kashe shi gaba ɗaya, na gayyaci kowa da Gmail ɗinsa. Umma ba ta san nata ba, mai shagon da ya saita mata waya ne ya buɗe, sai da ƙanena ya tono shi. Na kuma kashe nuna wurin da aka ɗauki hoto. Duk da haka babu abin da zai hana wani ya ɗauki hoton allon wayarsa ya tura gaba, shi ya sa mutum shida ɗin nan ban ƙara ko ɗaya ba.

Har yanzu ina saka Status jefi-jefi, furannin bazara a tudun Alaaddin ko koren kubbar Mevlana, wato hubbaren malamin Sufaye Jalaluddin Rumi, ba tare da fuskata ba. Hotunan da nake ciki kuwa kundi suke tafiya. Na jiya, ina riƙe da etli ekmek, dogon burodin Konya mai niƙaƙƙen nama a kai, wanda ya fi hannuna tsawo. Da safe na tarar da saƙon murya daga Umma: "Na gani. Wannan duk ke kaɗai? To madalla, ki cinye. Amma ki ja mayafin nan ya rufe miki kunne, na ga bishiyoyin bayanki ba ganye."