Mai tsara kiɗa ko malamin piyano: bambancin horo da na samun abinci

Ɗan'uwa, ka ce ƙaninka ya kammala mataki na takwas a jarrabawar piyano ta ABRSM, hukumar shirya jarrabawar kiɗa ta Birtaniya, yanzu kuma ya rasa inda zai dosa tsakanin zama mai tsara kiɗan gargajiyar Turai da zama malamin piyano, kana son a kwatanta maka su ta fuskar horo da kuma rufin asiri. Tushensu ɗaya ne, kuma ya riga ya samu, domin hukumar nan da aka kafa a Landan a 1889 ba ta barin ɗalibi ya wuce zuwa mataki na shida sai ya ci mataki na biyar a ƙa'idojin kiɗa ko makamancinsa. Daga nan ne hanya take rabuwa.

Horon mai tsara kiɗa a kunne da takarda yake. Ana koya masa yadda sautuka suke jituwa idan an buga su tare, da yadda ake saƙa muryoyi biyu ko huɗu su tafi lokaci guda kowace da hanyarta ba tare da sun yi karo ba, sannan a koya masa halin kowane abin kiɗa da ke cikin babbar ƙungiyar makaɗa. Wannan na ƙarshe shi ne ke cin shekaru. Goge irin na Turawa yana da sautin da ba ya iya sauka ƙasa da shi, wanda duk ya rubuta masa abin da ya wuce nan ya rubuta abin da ba zai kaɗu ba; mai busa sarewa kuma mutum ne mai numfashi, idan aka jera masa dogon layi babu wurin shaƙar iska, tun a zaman gwaji na farko zai sauke sarewar ya dubi wanda ya rubuta. Ko Beethoven, shahararren mai tsara kiɗan nan na Jamus, da ya isa Vienna a 1792 ya riga ya gwanance a piyano, amma sai da ya durƙusa gaban manyan masu tsara kiɗa, Haydn da farko, daga baya Albrechtsberger, yana yin atisayen saƙa muryoyi kamar sabon shiga.

Shi kuwa malamin piyano, horonsa a hannu yake, sannan a ido, kuma mutane sun fi raina na biyun. Iya kaɗawa daban, iya gano abin da ya hana wani kaɗawa daban. Yaro ɗan shekara bakwai yana hawan jerin sautuka takwas da hannun dama, ya buga da yatsa na ɗaya, na biyu, na uku, sai babban yatsa ya kurɗa ta ƙarƙashi domin a ci gaba. A daidai nan ne yawancinsu suke ɗaga gwiwar hannu ko su sandare wuyan hannu, sautin ya yi tuntuɓe. Malamin kirki yana ganin sandarewar kafin kunnensa ya ji tuntuɓen, kuma ya san kalmar da zai faɗa wa yaro ta bambanta da wadda zai faɗa wa magidancin da ya fara koyo bayan ya haura arba'in. Ana koyar da wannan a matsayin fanni mai zaman kansa, har da takardar shaidar ƙwarewa a koyarwa.

Idan aka zo maganar abinci, babu wani ɓoye-ɓoye: koyarwa ce take ciyarwa. Malami yana samun kuɗinsa mako-mako gwargwadon ɗalibansa, mai tsara kiɗa kuwa yana jiran a ba shi aikin rubutawa, ko gasa, ko ɗan abin da haƙƙin mallaka zai kawo, kuma yana iya shafe watanni a kan aikin da za a kaɗa sau ɗaya tak. Chopin, mai tsara kiɗa kuma gwanin piyano ɗan Poland, duk da sunansa, bai fi sau talatin ko kusa da haka ya hau dandali a rayuwarsa ba. Bayan ya sauka Paris a 1831, darussan da yake bayarwa a kan faran 20 (kuɗin Faransa na lokacin) kowane ɗaya su ne suka riƙe shi. Charles Ives na Amurka ma a harkar inshora ya nemi abincinsa, yana rubuta kiɗa da dare da ƙarshen mako.

Abin da ya kamata ƙanin naka ya lura da shi shi ne, manyan wannan fanni sun sha haɗa biyun. Carl Czerny ɗalibin Beethoven ne, shi ya koyar da Liszt, shahararren gwanin piyano, kuma atisayen yatsu da ya rubuta har yau suna kan piyanon masu koyo. Béla Bartók ya koyar da piyano a makarantar kiɗa ta Budapest daga 1907 zuwa 1934, ya ƙi yarda ya koyar da tsara kiɗa, amma daga koyarwar ne ya fitar da gajerun kiɗa 153 na Mikrokosmos, waɗanda suke ɗaukar ɗalibi daga darasin farko har zuwa dandali. Nadia Boulanger ta Faransa kuwa ajiye alƙalamin tsara kiɗa ta yi da kanta, ta koma koyarwa, Aaron Copland da Philip Glass, masu tsara kiɗa na Amurka, duk ta hannunta suka bi.

A ganina, abin gudu ɗaya ne, wato ya ɗauki koyarwa a matsayin mafakar wanda tsara kiɗa ta ƙi karɓa, domin irin wannan malami yara ne suke biyan bashin takaicinsa. In yana son sanin inda ya fi karkata, ya dubi abin da makarantu suke nema wajen shiga. Sashen tsara kiɗa zai ce ya kawo wasu ayyukan da ya rubuta da kansa, sashen piyano kuma zai zaunar da shi ya kaɗa ayyukan zamunna daban-daban, galibi har da na Bach, tsohon mai tsara kiɗa na Jamus, sau da yawa da ka. Ka tambaye shi ko yana da rubutattun ayyuka biyu ko uku da ya kammala ba tare da wani ya sa shi ba. In babu, ya nemi sashen piyano, ya ɗauki darussan tsara kiɗa a gefe.