Tabon ruwa a jikin hoto: me za ka saya, me za ka bari a kanti

Wanda duk ya taɓa wanke hoto da hannunsa a ɗakin duhu ya san wannan takaicin, ka ɓata awa biyu kana gwaji har baƙin hoton ya zauna yadda kake so, ka shanya ka kwanta, da safe ka karkata takardar a hasken taga sai ga wasu fararen zagaye kamar an yayyafa mata ruwan koko. Abin da ke jawo shi ba wani sihiri ba ne, ruwan da ka yi ɗauraya da shi akwai sinadaran dutse narke a ciki, kalsiyam da magnesiyam, ruwan ya bushe ya tafi su kuma suka zauna a inda ɗigon ya tsaya. Irin farin nan ne dai da kake gani a gindin butar shayi. In ruwan burtsatsenku mai zartsi ne to kai abin ya fi shafa.

To me za a saya? Mutane da yawa kwalba suke fara nema, ni kuwa ruwa nake cewa a fara saye. Tataccen ruwa, wanda aka dafa aka tara tururinsa, shi ba shi da abin da zai bari in ya bushe. Ba wai duk wankin za ka yi da shi ba fa, aljihu ba zai ɗauka ba, ɗauraya ta ƙarshe kawai, minti 1 a tire mai tsabta. A wajen masu sayar da kayan asibiti da na lab ake samun na kirki. Ruwan batir da ake sayarwa a bakin gareji kuwa sai ka yi hattara, wani tsabtatacce ne wani ruwan famfo ne aka ɗura a gora, wani ma da asid a ciki. Fiya wata kuma ruwan sha ne, tace shi aka yi, ba lallai an raba shi da sinadaran ba. Gwajin mai sauƙi ne, ɗiga kaɗan a kan madubi mai tsabta ka kifa kofi a sama-sama saboda ƙura ka bari ya bushe, in ya bar zagaye to haka zai bar maka a hoto.

Sai maganar kwalaben da ke sa ruwa ya zame ya sauka bai taru ɗigo-ɗigo ba. Biyu ne suka fi suna, Photo-Flo 200 na Kodak da Ilfotol na Ilford, duk biyun kashi 1 cikin 200 ake haɗawa, wato mil 5 a lita guda. Ka ga kenan kwalbar Ilfotol ta lita 1 za ta ba ka lita 200, in kai kaɗai ne sai ka gaji da ganinta a kan kanta, don haka in kuna da yawa ku haɗa kuɗi ku raba tunda yawanci daga waje ake yo odarsu kuma kuɗin kawowa na nauyi ne. Photo-Flo asalinsa don fim aka yi shi, Ilfotol kuwa kamfanin ya ce a yi amfani da shi a fim da takarda, shi ya sa in takarda ce damuwarka na fi karkata wajensa. Amma ga inda ake faɗawa rami, wai in mil 5 ya yi kyau mil 15 zai fi, wallahi a'a, shi kansa maganin in ya yi yawa sai ya bar wani maiƙo-maiƙo mai sheƙi da ya fi tabon farko muni. Na taɓa zubawa da ido ba awo, hotuna takwas na sake ɗaurayewa. Sayi sirinji a kemis ka huta, kuma in da tataccen ruwa kake haɗawa rabin ma'aunin ma ya ishe ka. Sabulun wanke-wanke da wasu ke ɗigawa kuma a bar shi a kicin, turare da kala da ke ciki ba don hoto aka zuba su ba.

Irin takardarka ita ce za ta raba gardama. Mai rufin roba, wadda ake rubuta wa RC, ruwa ba ya shiga cikinta, a sama yake tsayawa shi ya sa ta fi yin tabo, wankinta minti 2 ne a ruwa mai gudu kuma in ka bar ta ta daɗe a jiƙe sai ruwan ya fara shiga ta gefe. Ita abin da take so shi ne a share ruwan tas gaba da baya. Nan ne robar share hoto irin ta Paterson ke da amfani, amma sabuwar waifar mota mai laushi ma tana yi, ka ɗora hoton a kan gilashi mai tsabta ka ja sau ɗaya a hankali. Kafin ka ja ka shafa bakin robar da yatsa cikin ruwa, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja maka layi daga sama har ƙasa kuma shi wannan ba ya wankuwa. Takardar FB, wadda ba ta da rufin roba, mai shan ruwa, kuwa wankinta ya kai awa guda in ba ka sa Washaid ba, wato maganin da ke rage lokacin wanki, tabon ruwa bai cika kama ta ba, matsalarta nannaɗewa. Ita raga za ka nema ta shanya, ragar sauro ta taga wadda ba ta ƙarfe ba a ɗaure a firam na katako, kafinta zai haɗa maka. Takardun tsotse ruwa da ake sayarwa kamar littafi ban cika son su ba, hoto ɗaya da bai wanku ba ya shiga sai ya bar fiksa, sinadarin da ke zaunar da hoto, a ciki duk na bayansa su kwasa.

Wanda ya riga ya yi tabo fa? Jiƙa shi a tataccen ruwa kamar minti 5 ka shafa wurin da tafin yatsa ko auduga a cikin ruwan, yawanci yana fita. In ya ƙi, farin khal na girki ka sirka shi da ruwa, khal ɗin ya zama kashi ɗaya cikin uku, tsamin yana narkar da kalsiyam, minti 1 ko 2 sai ka sake wankewa da kyau. Maganin goge hoto na PEC-12 da ake tallarsa maiƙo da tawada yake cirewa, ba a yi shi don tabon ruwa ba, kar ka kashe kuɗinka a kai. In kuma da draya mai zafi ka busar har tabon ya gasu a cikin fuskar hoton, ɗauko nagetif ɗinka kawai ka sake bugawa.

Lokacin hunturu kuma ba duk farin da ka gani ne na ruwa ba, ƙura ce ke mannewa tun hoton na ɗanye. Ni a banɗaki nake shanya, in watsa ruwa a ƙasa ƙurar ta kwanta, in rufe ƙofa da taga, fanka kuma a kashe har sai sun bushe.