Python a tsohuwar kwamfuta: apt ko ka haɗa da kanka?

Ana ta tambayata wace hanya ta fi wajen saka Python, wato harshen rubuta manhaja, musamman masu tsohuwar desktop irin Core 2 Duo. Da apt, wato manhajar da ake saka wasu manhajoji da ita a tsarin Ubuntu, minti kaɗan ka gama, amma abin da Ubuntu ɗinka ya zo da shi za ka samu, Ubuntu 18.04 misali Python 3.6 ne. Haɗawa daga source kuwa, wato ainihin rubutun manhajar, sabo fil za ka samu, sai dai make, umarnin da ke haɗa shi, na cin lokaci sosai in ka sa --enable-optimizations (zaɓin da ke ƙara wa Python sauri), ga fanka na ihu ga fargabar ɗauke wuta, kuma in ka manta saka libssl-dev (fayilolin tsaron intanet) kafin ka haɗa, pip mai sauko da ƙarin kayan Python ba zai sauko da komai ba. Don Allah yi make altinstall, wanda ke saka sabon a gefe, kar ka taka Python ɗin sistem.

Mai koyo apt ya ishe shi, wanda aikinsa ke neman sabon Python shi ya dace ya haɗa.