Injin taliya na hannu a aikin cincin ɗin Kirsimeti: abin da yake iyawa da abin da ba ya iyawa

A gidajen Kirista na Jos, Kafanchan, Zonkwa, Wusasa, Billiri da Numan, cincin na cikin ayyukan da suka fi cinye lokaci a makon Kirsimeti. Shinkafa da miya da kaji aikin daren 24 ne da asubar 25 ga Disamba, naman watanda kuma ranar da aka yanka saniya ake gamawa da shi. Cincin kuwa sai an ware masa yini guda, domin ba na mutanen gida kaɗai ba ne. Akwai yaran unguwa masu zuwa barka da Kirsimeti, akwai kwanon da za a kai wa maƙwabta Musulmi kamar yadda su ma suke aikowa da Sallah, ga surukai, ga baƙin da za su dawo ranar 1 ga Janairu. Gidan da ya kwaɓa mudu uku na fulawa ya san cewa suya ba ita ce wahalar ba. Murji da yanka su ne suke karya ƙugu.

Saboda haka ne mata da yawa suke jawo injin taliya, wanda ake yin taliya 'yar murji da shi, su sa shi wannan aiki. Hukuncinmu a kansa a taƙaice: ya cancanci kuɗinsa ga mai yin fiye da kilo biyu na fulawa, amma rabin aikin yake ɗauke miki, kuma sai kin sauya yadda kike kwaɓi.

Kamfanonin da suka yi suna a kan injin na Italiya ne. Marcato da Imperia su ne sunayen da aka fi sani, sai dai mafi yawan waɗanda ke kan teburan masu kayan kicin a Terminus ta Jos, ko Sabon Gari ta Kano da ta Zariya, kwaikwayonsu ne daga ƙasar Sin. Ƙirar ɗaya ce. Akwai sandunan ƙarfe biyu masu murza kwaɓi, faɗinsu santimita 15. A gefe akwai wani kai mai lambobi da ake ja a juya don a ware sandunan ko a matse su. Sai haƙora jeri biyu, manya masu fitar da zare mai faɗin kusan milimita 6 da rabi, da ƙanana na siririyar taliya. Sai hannun juyawa da ake cirewa daga wannan rami a sa a wancan, da maɗaurin da ke kama injin da bakin tebur. A samfurin Atlas 150 na Marcato lambobin daga 0 zuwa 9 suke, 0 ce mafi faɗi, kuma ko ita ba ta cika milimita 5 ba. A wasu injinan lissafin a juye yake, babbar lamba ce mafi faɗi, don haka ki duba tazarar da idonki, kada ki bi lambar da wata ta faɗa miki.

Wannan milimita 5 ɗin ita ce iyakarsa ta farko. Mai son cincin manya-manya irin na kan yatsa, mai taushi a ciki, wannan inji ba nata ba ne, ta koma ga kwalba da wuƙa. Abin da yake bayarwa ƙananan ƙwayoyi ne masu ƙaras-ƙaras, kai ɗaya. Kuma nan ne amfaninsa na gaske yake. Murjin hannu kullum tsakiya ta fi gefe kauri, shi ya sa a kasko ɗaya za ki ga wasu sun ƙone wasu cikinsu bai nuna ba. Idan duk ƙwayoyin kaurinsu ɗaya, tare suke yin ja, tare ake kwashe su, kuma ba a samun masu ɗanyen ciki da ke sa sauran su yi sanyi a cikin bokiti bayan kwana uku.

Kwaɓin da ya dace da inji ya fi na murjin hannu tauri. Ga ma'aunin da ke tafiya lafiya: fulawa kilo 1, wato kusan kofi 8, sukari giram 200, kusan gwangwanin madara ɗaya da rabi, bota giram 120, ƙwai 2, madarar gari babban cokali 4, bekin fauda ƙaramin cokali 1, gyaɗar ƙamshi rabin ƙaramin cokali, gishiri ɗan kaɗan, ruwa mililita 200. Mun ce kilo ba mudu ba da gangan, domin mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. Ruwan kada a zuba shi gaba ɗaya. A rage kwata, sai an ga fulawar ta ƙi haɗuwa a ƙara cokali-cokali. Kwaɓin da ya yi daidai, in kin danna shi da yatsa zai lotsa amma ba zai manne ba.

Abu biyu ne suka fi ɓata aikin tun daga kwano. Na farko sukari. In aka zuba shi a busasshiyar fulawa, ƙwayoyinsa ba sa narkewa a kwaɓi mai tauri, sai su riƙa yaga shimfiɗar a tsakanin ƙarafa, a mai kuma su fito da ɗigo-ɗigon baƙi. A narkar da shi a cikin ruwan da madarar tukuna. Na biyu bota. Yawancin ma'aunin cincin da ke yawo yana kai giram 250 a kilo, wanda yake da daɗi a baki, amma a inji ba ya riƙe jikinsa, yana fitowa yana ɓarɓashewa kamar garin biskit. In ana son mai bota da yawa, to a haƙura da injin. Kuma da sanyin Jos ko Pankshin a watan Disamba bota takan daskare, sai a ajiye ta kusa da murhu ta yi laushi, a murje ta da fulawa har ta ɓace, kada a narkar da ita ta zama ruwa.

Bayan kwaɓi a rufe da leda a bar shi minti 20 zuwa 30. Wanda bai huta ba yana ja da baya kamar roba, kin murza ya tsuke. A nan hunturu yake shigowa cikin maganar. Iskar Disamba tana busar da fatar kwaɓi cikin 'yan mintuna, kuma busasshiyar fata ita ce ke tsattsagewa a bakin inji. Saboda haka a raba kilo ɗayan curi takwas ko goma, a ciro ɗaya-ɗaya, sauran su zauna a rufe. A yi aikin a cikin ɗaki, ba a tsakar gida ba, ko don ƙura ma.

Yadda ake murjin: ki danne curin da tafin hannu har ya yi kaurin yatsa, ki ɗan shafa masa fulawa, ki sa a lamba mafi faɗi. Fitowar farko ba ta da kyau, gefe a yayyage, kada ki damu. Ki ninka shi uku kamar wasiƙa ki mayar, sau biyu ko uku, za ki ga ya yi sumul. Ga cincin a nan za ki tsaya, ko ki matse lamba ɗaya kawai. Masu zarcewa lamba ta uku da ta huɗu su ne ke ƙarewa da wani abu mai kama da ɓawon dankali, wanda yake ƙonewa kafin a juya shi. Kada a tsallake lamba, kuma kada a cusa curi mai kauri a ce injin zai ji da shi. Ƙananan giyoyin da ke cikin masu araha ba su da ƙarfi, da zarar sun fara zamewa, kina juya hannu sanda ɗaya na tsaye, to injin ya tashi aiki.

Sai yanka, inda masu sayarwa ba sa faɗin gaskiya duka. Injin ba ya fitar da cincin. Dogayen zare yake fitarwa, ke za ki datsa su. A bar shimfiɗar ta sha iska minti biyu zuwa uku, a cire hannun a mayar ramin manyan haƙora, a zura ta, wani ya tare zaren da hannu a ƙasa. A jera zare goma zuwa goma sha biyar a kan katako, a bi da wuƙa mai kaifi ana datsawa daidai faɗinsu. In zaren suna fitowa a manne da juna, kwaɓin ya yi ruwa ko bai sha iska ba. In haƙoran sun ƙi kama bakin shimfiɗar, ta bushe da yawa, a yanke bakin da wuƙa a sake gwadawa. Aikin na mutum uku ne in ana son sauri: mai juyawa, mai tarewa da datsawa, mai suya. Yara suna son juya hannun, kuma ba laifi, amma babba ne zai riƙa zura kwaɓin, a kuma kula da bakin gyale da ɗankwali.

Akwai wata matsala da injin ke jawowa a kaikaice, wato kumfar mai. Saboda tsoron mannewa mutane suna barbaɗa fulawa da yawa, wannan fulawar kuma ita ce ke sauka ƙasan tukunya ta ƙone, man ya yi baƙi, ya fara kumfa har ya nemi zubowa kan wuta. Ƙwai da bekin fauda in sun yi yawa su ma suna ƙara ta. Maganin shi ne a zuba yankakken cincin a rariya ko kwando a girgiza kafin ya shiga mai, kada man ya wuce rabin tukunya, kuma a tace shi bayan kowane zubi huɗu ko biyar. Zafin da ake so wajen digiri 170 ne. In babu ma'auni a jefa ƙwaya ɗaya: ta nutse ta taso cikin 'yan daƙiƙu, ya yi. Ta zauna a ƙasa, bai yi ba, kuma cincin zai sha mai. Da yake na inji ƙanana ne, sun fi na hannu saurin nuna, a kwashe tun suna ruwan zuma mai haske, domin suna ƙara duhu bayan sun fito. A kan gawayi sai an riƙa rage wuta, gas ya fi sauƙin sarrafawa.

Maɗaurin tebur shi ne abin da ya fi ba mu haushi a kusan duk samfuran. An yi shi ne don teburin kicin mai leɓe, alhali a gidaje da yawa a kan tabarma ko kujera 'yar tsugunne ake wannan aiki. In teburin ya yi kauri ba ya kamawa, in na roba ne yana lanƙwashewa. Benci na katako ya fi komai, mutum ɗaya ya zauna a ɗaya gefen don kada ya ɗaga. Hannun juyawar ma ba ya kulluwa, yana zarewa ya faɗi, a kan tayil kuwa yana iya fasa shi. A shimfiɗa buhu a ƙasa.

Wajen saye, kada ki karɓi kwali a rufe. Ki sa a buɗe, ki matse sandunan zuwa lamba ta ƙarshe, ki ɗaga injin ki leƙa haske ta tsakaninsu. Tazarar ta zama ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, in ba haka ba shimfiɗa za ta riƙa karkata tana naɗewa. Ki zura takarda a manyan haƙora ki juya, mai kyau zai tsaga ta zare-zare har ƙarshe. Ki duba siraran ƙarafan da ke ƙarƙashin sandunan, masu kankare kwaɓi, su kwanta sosai. Ki ɗauka ki ji nauyi, mara nauyi yawanci gwangwani ne. Farashi kuwa gara a saya a watan Nuwamba, kafin kasuwar kayan kicin ta cika. Gidaje biyu ko uku, ko 'yan ƙungiyar zumuntar mata na coci ɗaya, suna iya haɗa kuɗi su sayi mai kyau guda su riƙa karɓa-karɓa, ya fi kowa ta sayi mai araha da zai mutu a Kirsimeti ta biyu.

Sabon inji yana zuwa da man masana'anta a jikinsa. A kwaɓa fulawa kofi ɗaya da ruwa zalla, a bi da ita ta sanduna da haƙora sau da yawa har baƙin layi ya daina fitowa, a zubar.

Bayan biki ba ya zaman banza. Dublan yana fitowa da kyau a lambobin tsakiya, fatar samosa a na ƙarshe, taliya 'yar murji kuwa aikinsa ne na asali, ga cincin ɗin gara in biki ya taso. Kwaɓin fanke da na burodi ba nasa ba ne.

Kan lokaci: kilo ɗaya na fulawa yana ba da kusan kilo ɗaya da rabi na cincin, kuma wanda ya soyu sosai, ya huce sarai a kan faranti kafin a rufe shi, yana kai mako uku a bokiti mai murfi. Suyar 21 ko 22 ga Disamba za ta kai sabuwar shekara, in dai tun ranar an ɗebe rabon 1 ga Janairu an ƙulle a leda biyu an ɓoye inda yara ba su sani ba. Mutanen Kagoro, da bikinsu na gargajiya na Afan ke cika musu gida da baƙi a ranar 1 ga Janairu, gara su sake kwaɓa sabo a 29 ko 30.

Ruwa kada ya taɓa injin, ko da ɗigo. Cikinsa ba ya bushewa, tsatsa za ta kama giyoyin da ƙasan haƙoran, a shekara mai zuwa ki ga jan layi a kan kwaɓi. A bar shi awa ɗaya ragowar kwaɓin ya bushe, a kakkaɓe da busasshen burushi, a bi lungunan haƙora da tsinken sakace ana juya hannun baya-baya, a goge da busasshen tsumma. A ɗaure hannun da maɗaurin a jikinsa da igiya kafin a mayar kwali, domin su biyun ne suke ɓata, kuma da wuya a samu na sayarwa su kaɗai.