Glosbe a Hannun Mai Fassarar Hausa: Inda Yake da Ƙarfi da Inda Yake Tuntuɓe

Duk wanda ya saba neman ma'anar kalma a intanet, da wuya a ce bai taɓa faɗawa shafin Glosbe ba. Ƙamus ne mai harsuna da yawan gaske, wani kamfani na ƙasar Poland ke gudanar da shi, kuma Hausa na cikin harsunan da ya ɗauka. Ba a biyan ko kwabo, talla ce ke riƙe da shi, sannan yana buɗewa a waya ba tare da cin data mai yawa ba tunda galibinsa rubutu ne. Ana zaɓar harshe biyu, wanda za a ɗauko kalma daga cikinsa da wanda za a kai ta. Adireshin kansa yana nuna zaɓin: glosbe.com/en/ha daga Turanci zuwa Hausa ke nan, glosbe.com/ha/en kuma akasin haka. In aka cire en aka sa fr sai ya koma Faransanci, ar kuma Larabci.

Shafin sakamako hawa-hawa yake, kuma sanin darajar kowane hawa shi ne rabin iya aiki da shi. A can sama akwai gajerun fassarori, kalma da kalma. Bayansu akwai fassarar na'ura, irin wadda mutum zai samu a Google Translate. Sai jerin jimloli ko sassan jimla masu kama da abin da aka nema. A ƙasa kuma sai misalai: jimlar Turanci a gefe, takwararta ta Hausa a gefe, an yi wa kalmar da ake nema alama a cikin kowace. Yawancin mutane a hawan farko suke tsayawa, su kwafi kalma su wuce. A ganinmu wannan hawa shi ne mafi rauni, domin tattaro shi aka yi daga wurare daban-daban, har da abin da masu amfani da shafin suka shigar da hannunsu, ba tare da wani kwamitin masana ya bi ya tace ba. Dukiyar Glosbe a ƙasa take, wurin misalai.

Dalili kuwa shi ne yadda Hausa ke ɗora ma'anoni a kan 'yan aikatau kaɗan. A ɗauki "ci". Ƙamus mai ba da kalma ɗaya zai ce cin abinci ne, ya yi shiru. Amma akwai cin amana, cin hanci, cin fuska, cin mutunci, cin bashi, cin jarrabawa, cin zaɓe, cin kasuwa, ga kuma ci gaba. Haka "sha": shan wahala, shan iska, shan kashi, shan alwashi. Mai fassara ba kalmar yake nema ba, yana neman abokiyar tafiyarta ne. A nan Glosbe ke da amfani sosai, saboda ana iya rubuta kalma biyu ko uku a gurbin bincike, ya kwaso jimlolin da suka zo tare, mutum ya ga da idonsa yadda wani mai fassara ya warware irin matsalar da ke gabansa. Ƙamus na takarda galibi misalai kaɗan yake iya bayarwa a ƙarƙashin kowace ma'ana. Glosbe yakan ba da shafi bayan shafi in kalmar ta yau da kullum ce.

Sai dai dole a tambaya: daga ina misalan suka fito? A ƙarƙashin kowace jimla akwai ɗan ƙaramin lakabi mai nuna tushenta, kuma yawancin masu karatu ba sa lura da shi. Wanda za a fi yawan gani a ɓangaren Hausa shi ne jw2019, wato rubuce-rubucen da Shaidun Jehobah suka wallafa, kamar mujallarsu Hasumiyar Tsaro. Ba laifi ba ne, kuma ya kamata a faɗi gaskiya: wannan Hausa an rubuta ta da kulawa, haruffa masu ƙugiya suna wurarensu, raba kalmomi ya bi ƙa'ida fiye da abin da ake gani a shafukan sada zumunta da ma wasu jaridun intanet. Matsalar ita ce kowace ƙungiya tana da kalmomin da ta keɓe wa ma'ana tata ta cikin gida. Kalmar Turanci publisher, wadda ɗan jarida ko marubuci ya sani da mawallafi ko kamfanin ɗab'i, a wajensu tana nufin mai fita wa'azi, don haka misalan za su ce "mai shela". Kalmar pioneer za ta zo da "majagaba", kuma abin da ake nufi shi ne mai hidimar wa'azi ta cikakken lokaci, ba wanda ya fara ƙirƙiro wani abu ba. Congregation za ta zama "ikilisiya", alhali mai fassara labarin sallar Idi jama'a ko masallata yake buƙata. Ɗalibin da ya kwafi "mai shela" ya sa a fassarar yarjejeniyar buga littafi ya yi ɓarna, kuma ba zai san ya yi ba, domin jimlar da ya gani a shafin daidai take a muhallinta.

Wannan tushe yana da wani tasiri na biyu. Abin da ke cikin irin waɗannan rubuce-rubuce shi ne iyali, tarbiyya, haƙuri, rashin lafiya, mutuwa, labaran mutanen dā. A waɗannan fannoni misalai sun wadata. Da an koma noma, kiwo, sarauta, saƙa, ƙira, jima, shari'a ko siyasar cikin gida, sai rijiya ta ƙafe. Sunayen sassan garma, irin ciyawar da ke fitowa a fadama, muƙaman fada kamar Ciroma da Galadima da Madaki, launukan dawaki, ba nan ne wurin nemansu ba. Haka kalmomin amsa-kama, irin su fat, wuluk, tinjim da tsit, waɗanda su ne gishirin maganar Bahaushe: rubutun da aka fassaro daga Turanci ba ya cika amfani da su, saboda jimlar asali ba ta nemi hakan ba. Ko ginin jimlar ma yakan bi sawun Turanci. Wanda ke koyon Hausa da Glosbe kaɗai zai iya Hausa mai tsabta, amma in ya buɗe baki a kasuwar Kurmi za a ji ƙamshin fassara.

Matsala ta gaba ba daga Glosbe ta taso ba, daga rubutun boko ne, amma a nan take bayyana ƙarara. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. "Gari" na mazauni da "gari" na tuwo rubutu ɗaya ne, bambancin kawai na biyun yana da dogon wasali a gaɓar farko. "Fari" kuwa huɗu ne: launi, rashin ruwan sama, jam'in fara, da kuma farko kamar a "ɗan fari". Na'ura ba ta jin murya, don haka takan zuba su duka a shafi guda. Bahaushe zai rarrabe nan take. Baƙon harshe ba zai iya ba, kuma ko Bahaushen in yana neman kalmar Larabci ko Faransanci da ta dace da "fari" na damina, zai iya ɗaukar ta launi in bai karanta jimlar gaba ɗaya ba.

Ga kuma haruffa masu ƙugiya. Kafa daban, ƙafa daban. Daga daban, ɗaga daban. Bari da ɓari, kasa da ƙasa. Tunda wasu da suka shigar da kalmomi ba su da allon rubutu na Hausa, akan sami kalma ɗaya a rubuce iri biyu, kowace da nata ɗan sakamako. Maganin shi ne a nemi kalmar sau biyu, da ƙugiya da kuma babu. A wayar Android, Gboard yana da tsarin Hausa, in aka ƙara shi a saituna ana samun ɓ, ɗ da ƙ ba tare da wahala ba. Kalmomi irin su 'ya'ya da 'yanci sun fi kowa rikici, domin alamar da ke gaban y wani lokaci miƙaƙƙiya ce, wani lokaci lanƙwasasshiya, ga kuma rubutun Nijar da ke amfani da harafin ƴ. A gwada duka.

Akwai kuma sauye-sauyen siffar kalma. Shafin bai san cewa saya, sayi, sayo, sayar, saye da sayu 'yan gida ɗaya ba ne, ko cewa idanu jam'in ido ne, mata kuma jam'in mace. Kowace siffa sai an neme ta da kanta. Haka nan mota da motar, gida da gidan. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara da tilon suna ba tare da ɗafa-ƙeya (ƙarin da ake yi a ƙarshen kalma) ba, in sakamako ya yi kaɗan a ƙara n ko r a sake nema, domin a cikin jimla ta ainihi suna yakan fi zuwa da mahaɗinsa. Alamar da ake yi wa kalma a cikin misali ma ba abin dogaro ba ce ɗari bisa ɗari. Na'ura ce ke hasashen wace kalmar Hausa ta yi daidai da ta Turanci, kuma inda mai fassara ya juya jimlar ko ya yi amfani da salon magana, sai alamar ta sauka a kan wata kalma da ke kusa.

Game da sauran harsunan duniya, nan ne Glosbe ya yi wa takwarorinsa zarra ta fuskar faɗi. Ƙamus na Hausa da Yarabanci, ko Hausa da Sawahili, ba abu ne da ake samu a kantin littattafai ba, amma a nan ana iya haɗa su a ga jimloli gefe da gefe, tunda rubutu guda aka fassara zuwa harsunan biyu. Abin lura shi ne ba daga Hausa aka fassara zuwa Yarabanci ba, dukansu daga Turanci aka ɗauko su, kowane mai fassara ya bi hanyarsa. Jimlolin biyu za su haɗu a ma'ana, ba lallai su haɗu kalma da kalma ba. Akwai kuma wani ɓangare na fassarorin da na'ura ta ƙago ta hanyar ratsawa ta harshe na uku, kuma shafin da kansa yana ware su da bayanin cewa ƙirƙirarru ne. In kalmar Turancin da aka ratsa ta cikinta tana da ma'ana biyu, kamar bank da ke nufin banki da kuma gaɓar kogi, kuskuren zai wuce kai tsaye zuwa sakamako. Waɗannan a ɗauke su a matsayin alamar hanya kawai. Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram kuma ya sani cewa Hausar da ke ciki ta Najeriya ce. Kalmomin aro daga Faransanci irin su lakwal da lokotoro, ko "likita" da ma'anar asibiti kamar yadda ake faɗa a Nijar, ba su ne zai tarar a gaba ba.

Hanyar aikin da muke ba da shawara a kai ba ta da tsawo. A rubuta kalmar, a tsallake saman shafi, a karanta misalai aƙalla goma, a duba lakabin tushen kowanne. In duk daga wuri ɗaya suka fito, shaida ɗaya ke nan aka samu, ba goma ba. Sai a ɗauki kalmar Hausar da aka zaɓa a juya binciken, daga Hausa zuwa harshen asali, a ga ko za ta koma inda ta fito. In ta koma wani wuri dabam, akwai abin dubawa. Daga nan a tabbatar a wani ƙamus da masana suka tsara.

Don jinsi, jam'i da lafazi, ƙamus ɗin intanet na Wiktionary, ɓangarensa na Turanci, ya fi Glosbe nesa ba kusa ba a kan kalmomin Hausar da yake da su, domin yana sa alamar tsawon wasali da karin sauti, yana faɗin namiji ce ko tamace, yana ba da jam'i, sau da yawa har da asalin kalmar in aro ce daga Larabci ko Turanci. Kalmominsa ne ba su da yawa. Don tsofaffin kalmomi, sana'o'in gargajiya da karin harshe, har yau babu kamar ƙamus ɗin Bargery na 1934, mai kalmomi kusan 39,000, wanda yake nuna wadda ta Katsina ce, wadda ta Sakkwato, wadda ta Zazzau, kuma an sa shi a intanet yadda za a iya bincike a ciki. Amma ba za a sami kwamfuta ko wayar salula a littafin 1934 ba. Don Hausar zamani mai inganci sai a koma ga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, wanda yake bayanin Hausa da Hausa, ko ƙamus ɗin Paul Newman na 2007. Ɗan jarida ko mai fassarar takardun hukuma da ba shi da ɗaya daga cikin waɗannan biyu a kan teburinsa, bai kamata ya sa hannu a aikin da Glosbe kaɗai ya tabbatar masa ba.

Shafin yana bai wa wanda ya yi rajista damar ƙara fassara ko misali, kuma wannan ƙofa ce da malaman Hausa da ɗalibansu ba su shige ta yadda ya kamata ba. Giɓin da ke ɓangaren noma, kiwo da sana'o'i ba wanda zai cike shi daga Poland. Wanda zai shigar da kalma ya rubuta ta da ƙugiyarta, ya sa tilo ba jam'i ba, ya ware ma'anoni in kalmar tana da fiye da ɗaya, sannan ya haɗa da cikakkiyar jimla irin wadda manomi ko maƙeri zai faɗa da bakinsa, ba wadda aka juyo daga Turanci ba.