Gargaɗi: tsofaffin kwansuna a kwalin sabon harsashi

Ga 'yan'uwa mazauna Amurka masu riƙe da libarba bisa doka. Tun ƙarancin harsashi na 2020 wasu suka samu hanyar cin abinci: su tsinto kwansunan da aka riga aka harba, su sake ɗura su a gida, su jera a kwalin kamfani, su sayar a kasuwar baje kolin bindigogi ko ta intanet da sunan sabo. Ɗura wa kai halal ne a can, amma mai yin sa don kasuwanci sai da lasisi nau'i na 06 na ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi. Ku nemi mai sayarwa ya nuna muku lasisin. In ya fara kame-kame, ko ya ce sai ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ko katin kyauta za a biya, ku bar masa kayansa.

Inda asirinsu ya fi tonuwa shi ne bakin kwanso. Galibi kan harsashin libarba yana da tsaga zagaye da shi, kuma cikin tsagar nan ake lanƙwasa bakin kwanson ya riƙe kan. Mai gaggawa ba ya daidaita tsawon kwansunansa, sai wani ya matsu har ya kumbura, wani ko taɓa tsagar bai yi ba. Sakakken shi ne bala'in. Duk harbi bindiga na zabura baya, kawunan sauran harsasan su riƙa zamowa gaba, har ɗaya ya leƙo ta gaban silinda, wato ma'ajiyar harsasai mai juyawa, ya hana ta juyawa. Ƙananan bindigogi marasa nauyi masu cin harsashi nau'in .357 Magnum sun fi fama da wannan. Kuma albarushi mai jinkirin ci irin H110 ba ya kamawa sosai in matsin ya yi sako-sako, kan harsashi na iya maƙalewa a bututu, na bayansa ya zo ya same shi.

Ku zazzage kwalin duka. Tambarin gindin kwansuna ya zama iri ɗaya. In kun ga tambarin kamfanoni daban-daban kamar Winchester da Federal da Starline a kwali guda, sake ɗura su aka yi, ba sabbi ba ne. Ku auna tsawo: .357 Magnum kada ya wuce inci 1.590, .44 Magnum inci 1.610, kuma kada su saɓa wa juna.

Abin da ido ba ya gani shi ne ninkin albarushi, wato zuba shi sau biyu a kwanso guda, wanda ke fasa silinda a hannun mutum. Saboda haka wanda ya riga ya saya kada ya ce bari ya gwada ɗaya. Ya kai wa maƙerin bindiga mai lasisi a warware su.